Yaron da bai kai shekara 18 ba, wace takarda mai hoto zai nuna a hanya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a Garwa ta Kamaru. Ɗana mai shekara 16 yana karatu a lise, wato makarantar sakandare, ina so in tura shi hutu Yawunde wurin ƙanena. Tare da shi akwai ɗan yayata, sa'ansa ne, amma shi karatun allo ya yi, ko takardar haihuwa ba shi da ita. Dukansu sun yi tsawo, har gashin baki ya fara fito musu. Ina tsoron a sauke su a shingen jandarma. Me zan tanadar musu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mu fara da doka. Dokar ranar 19 ga Disamba 1990 ce ta wajabta katin ɗan ƙasa, wato CNI, a Kamaru, kuma a kan wanda ya cika shekara 18 ta wajabta shi. Wanda ya kai shekarun bai mallaki katin ba yana iya fuskantar ɗaurin wata 3 zuwa shekara 1, ko tarar sefa 50,000 zuwa 100,000, ko duka biyun. Yaranka ba su shiga cikin wannan ba. Matsalar ita ce jami'in da ya haska musu tocila cikin mota da dare fuska yake gani, ba shekaru ba. Abin da kake bukata ke nan: takardar da za ta haɗa fuskar yaro da ranar haihuwarsa.

Ɗanka nasa da sauƙi. Katin makaranta na wannan shekarar karatu, mai hoto, da sa hannun shugaban makaranta, da hatimi wanda ya hau gefen hoton. Ka duba wannan hatimin da kyau, domin katin da hatiminsa bai taɓa hoto ba kowa zai iya ɓamɓare hoton ya liƙa wani, jami'ai kuma sun san haka. Katin bara ba ya aiki. Ka haɗa masa da kwafin takardar haihuwa da aka buga wa tambur aka sa hannu a ofishin magajin gari ko na superefe, wato shugaban gunduma. Tambur na gwamnati yanzu sefa 1,500 ne. Ta asalin ta zauna a gida. Kuma kada a manne ta cikin roba da zafi kamar yadda masu shagon kwafi suke ba da shawara, a sa ta a jakar leda kawai, saboda wata rana za a bukaci rubutu a gefenta.

Takarda ta uku ita ce izinin uba. Ka rubuta da Faransanci sunan yaro kamar yadda yake a takardar haihuwa, inda za shi, wurin wa, daga yaushe zuwa yaushe, da lambar wayarka da ta ƙanenka. Ka kai kanka komisariya, wato ofishin 'yan sanda, da katinka a tabbatar da sa hannunka, ka liƙa kwafin katin a baya.

Ɗan yayarka ne aiki. Takardar haihuwa ita ce uwar duk sauran takardu, wanda ba shi da ita ba kati, ba fasfo, ba zama jarrabawar CEP ta gama firamare ko BEPC ta tsakiyar sakandare. Yaro mai shekara 16 kuwa ya daɗe da wuce lokacin da ake rajista a ofishin magajin gari kai tsaye, sai ta kotu, da hukuncin da ake ce wa jujman supletif. Ana fara wa da ofishin magajin garin da aka haife shi, ba inda yake zaune yanzu ba, a karɓo shaidar cewa ba sunansa a kundin haihuwa. Sai likitan asibitin gwamnati ya duba shi ya rubuta takardar kiyasin shekaru. Sai a kai buƙata kotun yankin da aka haife shi, da shaidu biyu masu kati waɗanda suka san haihuwarsa, da katunan iyayensa. In hukunci ya fito ba a gama ba, nan mutane da yawa suke tsayawa. Dole a mayar da shi ofishin magajin gari a shigar cikin kundi, sannan a fitar da takardar haihuwar kanta. Abin yana cin makonni, wani lokaci watanni, don haka kada ka sa rai da shi kafin wannan hutun. Ka riƙa sauraron sanarwar zaman kotu na tafi-da-gidanka da ake yi a ƙananan hukumomi lokaci-lokaci, ya fi araha nesa ba kusa ba.

A ganinmu yaron nan kada ya yi doguwar tafiya shi da sa'ansa kaɗai. Ko dai ya jira takardarsa, ko babba mai kati ya raka su, riƙe da izinin mahaifinsa, ba naka ba, da takardar likita in an riga an yi ta.

In takardar haihuwar ta fito, wata shaidar gwamnati mai hoto da yaro ko jariri ke iya samu ita ce fasfo. Sefa 110,000 ne, yana aiki shekara 5, ana fara cikawa a intanet a shafin passcam.cm, sannan a kai yaron a ɗauki hotonsa, tare da izinin iyaye da takardar shaidar zama ɗan ƙasa da kotu ke bayarwa. Don zuwa Yawunde kuɗin ya yi yawa. Don Umara ko karatu a waje ba makawa. Haka in yaro zai haye gadar Ngeli daga Kusiri zuwa Njamena, katin makaranta ba takardar ƙetare iyaka ba ne.

Abu guda da ya fi dukan waɗannan ɓata wa samari lokaci: rubutun suna. A takardar haihuwa Oumarou, a katin makaranta Oumar, a takardar CEP Umaru. Ko Aboubakar a nan, Aboubakary a can. A wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin kwamfuta mutum uku ne. Ka ɗauko takardun ɗanka yau ka jera su a tabarma, ka bi harafi-harafi, har sunan uwa da ranar haihuwa. Kuskuren makaranta a makaranta ake gyarawa. Wanda kuma ya ce maka zai yi wa ɗan yayarka takarda cikin kwana biyu ba tare da kotu ba, ko ya rage wa yaro shekaru don jarrabawa, ka guje shi. Takardar da ba ta da tushe a kundi tana tonuwa ranar neman CNI, mai ranar haihuwa biyu kuma fayil ɗinsa yana maƙalewa.

Tun daga 2025 ana neman CNI ta shafin idcam.cm, a biya sefa 10,000, wato jaka goma, a zaɓi rana a je a ɗauki hoto da zanen yatsu. Ɗanka saura shekara biyu. Wata uku kafin ya cika 18 ka nemo masa takardar shaidar zama ɗan ƙasa da sabon kwafin takardar haihuwa, kada ka yi kwafin tun yanzu, domin ofisoshi da yawa ba sa karɓar wanda ya wuce wata uku.