Hutun haihuwa ya ƙare, wa zan bar wa jaririn?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciya ce a wani kamfani mai zaman kansa a Kano, maigidana kuma malamin sakandare ne. Allah Ya ba mu haihuwar fari, namiji, yanzu makonsa 10. Na yi aiki har ana jibi zan haihu don in tara hutuna, ga shi yanzu saura mako 2 ya ƙare. Muna zaune a Rijiyar Zaki, wurin aikina yana Bompai, ina fita ƙarfe 7 na safe, ba na dawowa sai bayan la'asar. Tun da na haihu nono zalla nake ba shi, kamar yadda aka ce mana a wurin awo. Hajiyar maigidana tana kusa da mu, ta ce in riƙa kai mata shi, amma ta faɗa min ita ba za ta zuba ido yaro yana jin ƙishirwa a wannan zafi ba, kuma ba ta taɓa ganin an tatsi nonon mutum an ajiye ba. Wata ƙawata ta ce za ta samo min 'yar raino daga ƙauyensu, 'yar shekara 12. Ba na barci, Anti. Wani lokacin ina shayar da shi ina kuka. In ajiye aikin ne? Albashin maigida shi kaɗai ba zai riƙe mu ba.
Daga wata mai jego, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, barka da arziki, Allah Ya raya mana. Kada ki ajiye aikinki a cikin wannan mako. Shawarar da aka yanke da idon da bai yi barci ba, sau da yawa ana dawowa ana da-na-sani. Bari mu bi abin ɗaya bayan ɗaya.

Zan fara da yarinyar, don ita ce mafi sauƙin amsawa: a'a. 'Yar shekara 12 ita ma raino take buƙata, kuma wurinta aji ne. Dokar kare haƙƙin yara ta ƙasa ta 2003 ma ta hana a ɗauki yaro aikatau a gidan da ba nasu ba. Ko babu doka, ki tambayi kanki: idan numfashin yaron ya canja da ƙarfe 11 na safe, kina Bompai, wannan yarinya za ta gane? In ta gane, za ta iya tare a-daidaita-sahu ta kai shi asibiti? In wani abu ya faru, ita za a ɗora wa laifin da ya fi ƙarfin shekarunta. Ki yi wa ƙawarki godiya, a bar zancen.

Hajiya kuwa arziki ce Allah Ya ajiye miki a kusa. Mata nawa ne suke rubuto min daga Abuja da Legas, ba uwa ba kaka, sai dai su kai jariri gidan raino su biya kuɗi, hankalinsu a tashe har su dawo. Mu da muka tashi a babban gida, jariri ba ya daɗewa a hannu ɗaya: daga bayan uwa sai cinyar kaka, daga nan sai matar baffa ta karɓa. Ku yaran yanzu kun tare a gidan haya ku biyu, hannuwanku huɗu ne kacal, biyu daga ciki kuma suna makaranta suna riƙe da alli. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Saboda haka aikin da ke gabanki shi ne ki jawo Hajiya ta zama taki a wannan lamari.

Abin da aka faɗa miki a wurin awo gaskiya ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata 6, ba ruwa, ba jiƙo, ba zuma. Fiye da kashi 80 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, shi ya sa ko a zafin watan Afrilu na Kano yana kashe wa jariri ƙishirwa. Cikinsa ɗan ƙarami ne. In ruwa ya cika shi, ba zai ja nono sosai ba, in bai ja ba nonon ya ragu, in ya ragu a ce ai ga shi nan ba ya isar sa. Ga kuma gudawa, in ruwan ko cokalin ba su da tsabta. Zuma kuma sai ya cika shekara, domin tana iya ɗauke da wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya yaƙa ba tukuna.

Amma kada ki je gaban Hajiya da "likita ya ce". Matar da ta raini mijinki har ya zama mutum, in kika zo mata da haka, abin da za ta ji shi ne kina cewa ba ta iya ba. Tsoronta na gaske ne, jikanta take tausayi. Ni ma na sha wannan da 'yata ta fari, lokacin ina koyarwa. Surukata, Allah Ya jiƙanta, ta ga na miƙa mata kofi mai murfi da nono a ciki, sai ta kawar da kai ta ce ita ba za ta taɓa ba. Ban yi musu ba. Washegari Asabar na je na wuni a ɗakinta. Na tatsa a gabanta, na zaunar da yarinyar a cinyarta, na tallafe mata kai, na kanga bakin kofin a leɓenta na ƙasa har nonon ya taɓa shi. Sai ga yarinya tana lasa da harshe, tana haɗiya, tana lumshe ido. Surukata ta yi shiru tana kallo, can ta ce, "Miƙo nan, ba haka ake riƙe kai ba." Daga ranar ita ke bayarwa, kuma ta fi ni iyawa.

Ki yi irin haka a waɗannan makonni 2. Ki nuna mata kunzugu: muddin yaro yana jiƙa shi kamar sau 6 a wuni da kwana, fitsarin ba ja ba, ba ya tare da ƙishirwa. Wannan hujja ce da za ta gani da idonta, ta taɓa da hannunta. Rigakafinsa na gaba na mako 14 ne, ki roƙe ta ta raka ki, ta ga an ɗora shi a sikeli, ta ji daga bakin ma'aikaciyar jinya. Maganar ruwa kuwa ɗanta ne zai yi mata, su biyu, cikin ladabi. Abin da ɗa zai faɗa a wuce wurin, in suruka ta faɗa sai ya kwana a zuciya.

Sai batun tatsa, wanda nan ne yawancin mata suke karaya. Ki fara tun gobe, kada ki jira ranar komawa. Da asuba nono ya fi cika, don haka bayan ya sha sai ki wanke hannu da sabulu ki tatsa a kofi ko kwalba mai faɗin baki da murfi, wadda kika tafasa. Ranar farko wataƙila cokali 3 za ki samu. Kada ki ce babu, hannu ne bai saba ba. Yaro mai wata 3 yakan sha kamar mililita 90 zuwa 120 a zama ɗaya, to ki ƙiyasta sau 3 ko 4 kafin ki dawo, ki raba a mazubai daban-daban don kada a buɗe duka a lokaci guda.

Nonon da aka tatsa yana kai awa 4 a ɗaki mai sanyi-sanyi, amma ɗakin Kano da rana ba shi da wannan sanyin, kada ki dogara da shi. A firiji yana kai kwana 4, in wuta ta tsaya. Ni da ke mun san halin wutarmu. Abin da ya fi miki shi ne ƙaramar kula da ƙanƙara, wadda za ta riƙe shi har kwana guda in ba a yawan buɗewa. Ki sayi biyu, ɗaya ta zauna wurin Hajiya, ɗaya ki tafi da ita ofis, domin a can ma sai kin tatsa sau 2, in ba haka ba nonon zai yi tauri ya sa ki zazzaɓi, kuma ya fara ja da baya. In Hajiya ta ga maiƙo ya taso sama kada ta zaci ya lalace, a juya shi a hankali zai haɗe. Ba a ɗora shi a wuta, sai dai a tsoma mazubin a ruwan ɗumi. Abin da yaro ya sha ya rage, in ya wuce awa 2 a zubar.

A wurin aiki kina da haƙƙin da mata da yawa ba su san da shi ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya, wadda ta ba ki hutun mako 12, ita ce kuma ta ba mai shayarwa rabin awa sau 2 a kowace ranar aiki. Ma'aikatan gwamnatin tarayya suna samun mako 16, jihar Legas da jihar Kaduna kuwa sun kai nasu wata 6, kuma ina fatan ganin ranar da kowace jiha da kowane kamfani za su yi haka. Kafin ranar, ki rubuta takarda ga shugabanki tun yanzu, ki nemi ɗaki mai ƙofa da za ki riƙa tatsa a ciki, ba banɗaki ba. In kina da hutun shekara da ba ki ci ba, ki nemi a haɗa miki. Ko mako 2 aka ƙara, riba ce.

In kin yi iya yinki nonon bai wadatar ba, ki je asibiti a duba yadda yake kamawa kafin ki sayi madarar gwangwani. In ta kama sai an haɗa da ita, ba ki yi zunubi ba, a dai bi awon da aka rubuta a jikin gwangwanin, da tafasasshen ruwa, kada a tsinka ta don ta yi auki. Ki kuma rubuta wa Hajiya lambarki da ta maigida a takarda, ki gaya mata abubuwan da ba a jira: zazzaɓi, ƙin shan nono, numfashi da sauri haƙarƙari na faɗawa, jijjiga. A riƙa kwantar da shi rigingine, cikin gidan sauro.

Kukan da kika ce kina yi ya tsaya min a rai. Gajiya da rashin barci suna sa haka. Amma in ya wuce mako 2 kullum zuciyarki a cunkushe, abinci ba ya miki daɗi, ko kina jin ba ki da amfani, ki faɗa wa likita ƙarara. Ciwon damuwa ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, ba raunin imani ba ne, kuma ana warkewa. Ki kuma ba maigidanki wasiƙar da ke biye ya karanta.

TAMBAYA: Anti, ina gaisuwa. Ni da matata duk muna aiki a Kaduna, 'yarmu wata 5. Nakan ɗauke ta da dare in matata ta gaji, har wanka na koya. Ranar nan abokaina suka zo suka tarar ina canja mata kunzugu, tun daga nan a majalisa sai "mijin-ta-ce" ake kirana. Na fara jin nauyin abin. Na wuce gona da iri ne?
Daga wani uba, Kaduna

AMSA: Ɗana, Allah Ya yi maka albarka, ba ka wuce ko'ina ba. An tambayi Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, me Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yake yi a gida, ta ce yana cikin hidimar iyalinsa, in lokacin salla ya yi ya fita. Ya kuma yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Duk suna cikin Bukhari. Ko gwamnatin tarayya a 2021 ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 idan matansu sun haihu, don ta gane akwai aikin da ke jiran uba a gida.

Ku biyu kuke fita neman abin da za a ci, to bai kamata dare ya zama na mutum ɗaya ba. Shayarwa ce kaɗai ba za ka iya ba. In ta shayar, kai ka karɓa ka saɓa ta a kafaɗa har ta yi gyatsa, ka lallaɓa ta ta yi barci, uwar ta samu awa 3 ko 4 a jere. Da safe, yayin da take shiri, kai ka haɗa jakar yarinya ka duba ƙanƙarar kula. Katin rigakafi ma ka riƙe kwanakinsa a wayarka: na wata 9 yana tafe, na ƙyanda da shawara, ka nemi izini a ofis ka kai su da kanka.

Wata mai zuwa za ta cika wata 6, za a fara ba ta kunu mai kauri da ƙullin gyaɗa ko waken suya, ana ci gaba da nono har shekara 2. Ka sayi ɗan ƙaramin cokali da kofinta tun yanzu. Cokalin farko za ta turo shi waje da harshe, ta ɓata maka gaban riga, sai ka goge mata baki ka sake miƙawa.