Kusufin Rana a Bayan Gajimare: Shin Lissafi Kaɗai Ya Isa a Tayar da Sallah?

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni ne nake jan sallah a wani ƙaramin masallaci, kuma ina da sha'awar ilimin falaki tun ina makaranta. Masana sun sanar cewa za a yi kusufin rana da hantsi, kuma yankinmu yana cikin inda wani ɓangare na rana zai rufe. Na riga na manna sanarwa a ƙofar masallaci cewa za a tayar da sallar kusufi daidai mintin da aka ce zai fara. Sai ga masu hasashen yanayi suna cewa da alama gajimare zai lulluɓe sama tun daga safiya. Idan haka ta faru, mu yi sallar bisa lissafi, tunda lissafin ba ya kuskure? Wani abokina da ke wata ƙasa zai nuna mana kusufin kai tsaye ta waya, shin wannan ya zama gani? Ko kuwa in bar gari in tafi inda sama take garau? Gaskiya ina jin kunyar in tara mutane su watse ba a yi komai ba.

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Allah ya yi maka albarka, ɗana, ya ƙara maka himmar raya sunnar da mutane da yawa ba su taɓa ganin an yi ba. Sallar kusufin rana sunna ce mai ƙarfi, raka'a biyu, kowace raka'a da tsayuwa biyu da ruku'u biyu, babu kiran sallah babu iƙama, kuma tunda naku da hantsi zai faɗo, saɓanin Malikiyya da Shafi'iyya kan yin ta bayan zawali bai shafe ku ba.

Abin da hukuncin ya rataya a kansa shi ne lokacin da gajimaren ya zo. Ka ce tun daga safiya ake sa ran zai rufe sama. Idan haka ta tabbata, har lokacin kusufin ya shiga ya fita babu wanda ya ga rana kuma babu wata alama da ta bayyana, to babu sallar kusufi a kanku, kuma ba ku rasa komai ba, domin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ɗaure wannan sallah da gani lokacin da ya ce idan kun ga haka ku roƙi Allah ku yi sallah har ya yaye. Amma idan gajimaren ya ɗan tsage ko da na minti ɗaya ne, aka ga gefen rana ya gutsure, sannan ya sake rufewa, to hukuncin ya juya gaba ɗaya: ku tashi ku yi sallah, domin kusufin ya tabbata, kuma abin da ya tabbata ana ɗaukarsa yana nan har sai an sami yaƙinin gushewarsa. Shafi'iyya da Hambaliyya sun faɗi wannan a fili. Ba sharaɗi ba ne kowa ya gani da idonsa; idan amintattun mutane daga cikin garin ko gefensa suka gani suka kawo labari, ya wadatar. Sai dai kada a yi jinkiri, domin kusufi tun daga farawarsa har yayewarsa yawanci awa biyu zuwa uku ne, kuma wanda aka gani da hantsi ba za a zo da yamma a ce yana nan ba don kawai sama ba ta washe ba.

Akwai hali na uku da bai shafe ku ba, tunda naku na ɓangare ne, amma ina ambatonsa saboda masu karatu. Waɗanda suke kan hanyar cikakken kusufi, inda wata yake rufe rana ɗungurungum, ko da gajimare ya yi kauri sai duhu ya sauko musu da rana tsaka, iska ta yi sanyi, tsuntsaye su nufi sheƙa. Abin da ya fi rinjaye a wurina shi ne waɗannan su yi sallah, domin sun shaida ayar da jikinsu, kuma lissafi a nan bai yi komai ba face bayyana musu sunan abin da suka riga suka gani. A kusufin ɓangare kuwa, ana iya rufe rabin rana ko fiye hasken gari bai canza yadda mutum zai lura ba, saboda ido yana sabawa da raguwar haske a hankali, don haka kada wani ya ce yana jin kamar gari ya ɗan dushe a gina sallah a kan wannan.

Yanzu ga maganar da na san ita ce take maka kai-kawo a zuciya, wato ra'ayin wasu daga cikin malaman wannan zamani da suke ganin a yi sallah da zarar lissafi ya tabbatar, a gani ko kada a gani. Hujjarsu ta farko ita ce lissafin ya kai matsayin yaƙini. Ni ban musa wannan ba, kuma ba na cikin masu cewa sanar da lokacin kusufi duba ne ko da'awar sanin gaibu. Ibn Taimiyya, wanda ya rasu a shekara ta 728 bayan Hijira, ya bayyana cewa kusufi yana tafiya ne bisa al'adar da Allah ya tsara, ana saninsa da lissafi, kuma idan masu lissafi suka haɗu a kan magana ɗaya da wuya su yi kuskure. Kai, da wannan lissafin ne ma aka koma baya aka gano cewa kusufin da ya faru ranar rasuwar Ibrahim ɗan Manzon Allah ya dace da 27 ga Janairu na shekarar 632 Miladiyya. Amma shi Ibn Taimiyyan, bayan ya yarda da duk wannan, ya ce ba a yin sallar sai an shaida kusufin, ko da yake wanda ya shirya tun da wuri saboda labarin masu lissafi ya yi abu mai kyau. Tambayar da ake yi a fiƙihu ita ce me Shari'a ta sanya ya zama sababin wannan ibada, faruwar kusufi a sararin samaniya ko bayyanarsa ga mutane, kuma ingancin lissafi, komai ƙarfinsa, ba ya amsa wannan tambayar.

Sai su ce: ai ranar da hadari ya rufe sama muna yin Azahar da agogo da jadawali, ba mu jira mu ga inuwa ta karkata ba, to me ya bambanta? Wannan ita ce hujjarsu mafi ƙarfi, kuma Imam al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a 684 bayan Hijira, ya warware irinta tun da daɗewa lokacin da yake bambanta lokutan sallah da ganin jinjirin wata. Ya ce Shari'a ta sanya zawalin rana shi kansa ya zama sababin Azahar, saboda haka ta kowace hanya aka san zawali ya yi, sallah ta wajaba. Amma a azumi ganin jinjirin aka sanya ya zama sababi. Shi a kan jinjirin wata ya yi maganar, ni kuma ina ganin ƙa'idar ta hau kan kusufi daidai, domin nassin Azahar ya ambaci karkatar rana bai ambaci gani ba, nassin kusufi kuwa mafi yawan riwayoyinsa da gani suka zo. Hikimar ma a bayyane take. An faɗa mana Allah yana tsoratar da bayinsa da waɗannan ayoyi biyu, wato rana da wata, kuma Manzon Allah ya fito ne a firgice yana jan mayafinsa saboda abin da ya gani. Mutanen da Allah ya sanya wa labule tsakaninsu da ayar ba a nuna musu abin da za su firgita da shi ba a wannan karon.

Sannan duk wanda ya riƙi wancan ra'ayi, dole ya karɓi abin da yake biyo bayansa. Babu shekarar da ba a yin kusufin rana aƙalla sau biyu a wani wuri a duniya, wata shekarar har sau biyar, kuma a gefen kowane ɗaya akwai garuruwa masu yawa da abin da ya rufe na ranarsu ɗan ƙyas ne, wanda babu mai lura da shi sai mai na'ura. Shin duk waɗannan za a tara su a masallatai? Malikiyya sun riga sun ce idan abin da ya rufe ya yi ƙanƙanta ainun ba a yi masa sallah, alhali ya faru a haƙiƙa kuma lissafi ya san da shi. Wannan kaɗai ya nuna cewa malamai ba su taɓa ɗaukar faruwar abin ita kaɗai a matsayin sababi ba. Masu cewa a yi ta don ihtiyaɗi, wai idan ba ta amfana ba ba za ta cutar ba, sun manta cewa wannan sallah tana da siffa ta daban, da ƙarin ruku'u da ba a yarda da shi a wata sallah ba, kuma ba a ƙara ruku'u sai da izini, izinin kuwa da sharaɗinsa ya zo. Duk da haka ina gargaɗinka: idan ka ji wani limami ya yi ta bisa wancan ra'ayi, kada ka hau mumbari ka kira shi ɗan bidi'a. Mas'ala ce ta ijtihadi, ya yi kuskure a ganina, kuma iyakarta ke nan.

Hoton da abokinka zai nuna ta waya kusufin ƙasarsu ne, su ne za su yi masa sallah. Ku kalla ku yi tasbihi.

Game da hasashen gajimare, kada ka ɗauke shi da nauyin da ka ɗauki lissafin kusufi, domin ba ɗaya suke ba. Tafiyar rana da wata ana lissafa ta shekaru ɗaruruwa gaba, amma gajimare abu ne da ko na jibi masana suna faɗarsa ne da yiwuwa, kuma kalmar "gajimare" a bakinsu ta haɗa abubuwa mabambanta. Akwai siriri na can sama wanda ake hango faifan rana ta cikinsa, akwai ƙananan curi-curi masu tafiya da ke barin sarari a tsakaninsu, akwai kuma baƙin hadari mai kauri wanda shi ne yake hana gani ɗungum. Masu bincike sun lura cewa waɗannan ƙananan curi-curin sukan narke idan kusufi ya fara, saboda ƙasa tana hucewa, ɗumin da yake tayar da su ya ragu. A ɗaya ɓangaren kuma, a ranar 11 ga Agusta 1999 jama'a masu yawa sun yi tururuwa zuwa Cornwall a kudu maso yammacin Ingila don cikakken kusufi, gajimare ya hana mafi yawansu ganin komai sai duhu. Saboda haka kada ka soke shiri saboda hasashe, kada kuma ka yi wa mutane alkawarin gani. Ka sa mutum biyu ko uku masu hankali su tsaya a fili daga farkon lokacin har ƙarshensa, domin tsagewar minti ɗaya ta isa.

A nan dole in tsawaita gargaɗi, domin ranar gajimare ta fi ranar garau haɗari ga ido. Idan rana tana da ƙarfi, ido da kansa yake kaucewa. Amma idan siririn gajimare ya rage mata kaifi, sai mutum ya ji daɗin ƙura mata ido, alhali hasken da yake ƙona tantanin da ke can cikin ido yana ratsowa. Wannan tantani ba ya jin zafi, sai bayan sa'o'i mutum ya ga wani tabo a tsakiyar duk abin da ya kalla, wani ya warke, wani ya zauna da shi. Baƙin tabarau na kwalliya ba ya karewa, haka gilashin da aka shafa wa hayaƙi, haka kallon rana a cikin ruwa. Abin da yake karewa shi ne tabarau na musamman mai lambar inganci ISO 12312-2, ko gilashin masu walda mai lamba 14, kuma ko da su kada a leƙa ta cikin na'urar hangen nesa wadda ba a sa mata matacinta a gaba ba. Wanda bai da ko ɗaya ya huda kwali da allura, ya juya wa rana baya, ya bar hasken ya sauka a kan farar takarda, zai ga siffar rana da gutsurenta. Ko ya duba ƙarƙashin itace mai ganye, zai ga ɗigon hasken da ke ƙasa duk sun koma kamar ƙananan jinjirin wata. Wannan gani ne na haƙiƙa, hasken ranar garinku ne, kuma ana tayar da sallah da shi. Cutar da ido da gangan haramun ne, kuma yaran da za su biyo iyayensu amana ce a wuyanka tunda kai ka kira taron.

Tafiya zuwa inda sama take garau halal ce, kuma idan da niyyar tunani a kan halittar Allah ce akwai lada. Mutane suna tsara irin wannan tafiya da duba yanayin wuri na shekaru, shi ya sa ake yawan ambaton Luxor ta Masar game da kusufin 2 ga Agusta 2027, inda cikarsa ta haura minti shida kuma gajimare yake da wuya a wannan wata. Amma Shari'a ba ta ɗora wa kowa neman kusufi ba, kuma kai limami ne. Idan ka tafi, sama ta buɗe a garinku, wa zai ja mutanen da ka tara? Ban ga ya dace ka tafi ba sai ka wakilta wanda ya iya siffar sallar. Idan kuma ka je, kada ɗaukar hoto ya cinye lokacin da aka ce a yi sallah.

Na lura da abin da ka rufe tambayarka da shi, cewa kana jin kunya. Ina tsoron wannan kunyar ce take tura ka neman fatawar da za ta ba ka damar yin sallar ko ta halin ƙaƙa, kuma ba a tayar da ibada don a fitar da limami kunya. Gajimaren da kake ganin zai ɓata maka shiri shi ma aya ce da Alƙur'ani ya ambata a cikin Suratul Baƙara, wanda aka hore tsakanin sama da ƙasa, kuma Nana A'isha ta ba da labarin yadda fuskar Manzon Allah take canzawa idan ya ga hadari ya taso. Idan mutane suka taru ba a ga komai ba, ka yi musu gajeren wa'azi, ka koya musu yadda ake sallar, ka kwaɗaitar da su istigfari da addu'a da sadaka, waɗanda ba su buƙatar sharaɗin gani, wanda ya so ya yi nafilar walaha shi kaɗai ya yi. Sanarwar da ka manna kuwa ka cire ta yau, ka rubuta wata da ke cewa ana sa ran kusufi daga ƙarfe kaza zuwa ƙarfe kaza, jama'a su kasance cikin shiri da alwala, idan an gan shi za a yi shelar tara jama'a da "Assalatu jami'a", idan ba a ji kira ba babu sallah. Ka ƙara layi ɗaya a ƙasa da manyan baƙaƙe cewa kada kowa ya kalli rana da ido tsirara, ko da gajimare. Wallahu a'alam.