Amsa ga mai neman keken tura yara na tafiye-tafiye

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa, ya gida, ya yara? Na karanta tambayarki. Kin ce kina nan Bauchi da yara biyu, babban shekararsa biyu da rabi, ƙaramar wata bakwai, kina yawan zuwa Gombe wajen su Mama a motar haya, ga kuma Umara da za ku tafi da Abbansu, shi ne kike neman keken tura yara mara nauyi mai naɗewa. Na ga wasu sun ce ki sayi na tagwaye mai kujera biyu, wasu kuma sun ce me za a yi da keke, zanin goyo ya isa. Ni ra'ayina ya ɗan bambanta da duka biyun, kuma da tafiya da nawa yaran na koye shi.

Ki sayi keke ɗaya mai kujera ɗaya, amma ki sa a ranki na babban ne. Jaririya 'yar wata bakwai ba ita ce wahalar tafiya ba. Kin ɗaure ta a baya, ta ji ɗumin jikinki, ta yi barcinta, hannuwanki biyu suna sake. Ɗan shekara biyu da rabi shi ne aiki. Zai ce shi da ƙafarsa zai tafi, ya yi ɗan taku kaɗan ya zauna daɓas a ƙasa, ko ya fizge hannu ya kutsa cikin mutane, ko barci ya kwashe shi daidai lokacin da ake kiran jirgi. Yaro mai waɗannan shekarun ya kai kilo 12 zuwa 14, kuma in ya yi barci a kafaɗa nauyinsa sai ya ji kamar ya ninka. To shi keken zai ɗauka. In ya matsa sai ya taka, ki sauke goyo ki kwantar da ƙanwarsa a ciki, bayanki ya huta. Na tagwaye kuwa ki manta da shi. Ba ya shiga Keke Napep, ba ya wuce ƙananan ƙofofi, a tasha kuma sai an yi dogon ciniki kan kuɗin kaya kafin a ɗora miki shi.

Tunda na babban ne, abin farko da za ki duba shi ne nauyin da kujerar take ɗauka. Akwai 'yar takarda da ake liƙawa a jikin ƙarfen ko a ƙasan kujera. Kekunan da aka yi bisa ƙa'idar Turai za ki ga an rubuta EN 1888, wasu iyakarsu kilo 15, wasu kilo 22. Mai kilo 15 ɗanki ya kusa fin ƙarfinsa, ki nemi mai 22. Sannan ki tabbata bayan kujerar yana kwanciya sosai, saboda ƙaramar da kuma barcin shi kansa babban. Ga masu karantawa da jariransu ba su kai wata shida ba, wannan dole ne: jaririn da wuyansa bai yi ƙwari ba a miƙe ake kwantar da shi, ba a jingine shi a zaune kansa yana faɗowa gaba.

Naɗewa iri biyu ce a kasuwa. Akwai tsohon yayi mai naɗewa irin ta laima, wanda wani injiniyan jiragen sama ɗan Ingila, Owen Maclaren, ya ƙirƙiro a 1965. Yana da araha, ba nauyi, amma in an naɗe shi dogo ne, ya kai mita ɗaya, kuma hannayensa biyu ne a rabe, ba za ki iya tura shi da hannu ɗaya kina jan akwati da ɗayan ba. Sai sabon yayi mai dunƙulewa ya koma kamar ƙaramar jaka. Shi nake ba ki shawara. Fitacce a cikinsu shi ne YOYO, in an naɗe shi santimita 52 da 44 da 18 ne, nauyinsa kilo shida da 'yan kai, sai dai akwai tsada. Akwai GB Pockit da ya fi shi ƙanƙanta, bai kai kilo biyar ba, amma na asalin kujerarsa ba ta kwanciya kuma rumfarsa 'yar ƙarama ce, a ranar Bauchi ba za ta tsare komai ba. Joie da Chicco da Graco duk suna da nasu. Ban ce lallai sai mai suna ba. Akwai 'yan China da aka kwaikwayi fasalin waɗannan, wasu suna da kyau, wasu tun a shago suke karkarwa.

Kada rashin nauyi kaɗai ya ja ki. Duk abin da aka rage a nauyin keke, daga taya da rumfa da ƙarfe aka rage shi. Tsakanin kilo shida zuwa bakwai shi ne daidai a wajena: kina iya rataya shi a kafaɗa ki hau bene, kuma yana da ɗan jiki. Wanda ya yi ƙasa da haka tayoyinsa ƙanana ne ƙwarai, a kan tayil ɗin filin jirgi suna gudu lafiya lau, amma ki fito da shi layin unguwa inda rairayi da tsakuwa suke, sai tayar gaba ta nutse ta juya gefe, ki koma ɗaga shi da yaron a ciki. Gaskiyar magana ma, babu keken tafiya da aka yi domin lungunanmu. Wajen aikinsa filin jirgi ne, da asibiti, da harabar otal, da manyan shaguna, da harabar Harami. In za ki shiga kasuwar Wunti ko Muda Lawal cefane, ki bar shi a gida ki ɗauki zaninki.

Yanzu ga inda nake so ki natsu, wato ranar sayen. Kada ki saya daga hoto, kada kuma ki aiki Abbansu shi kaɗai, don ke za ki fi riƙe shi. Ki je da goyonki a baya, da hijabin da kike tafiya da shi, da takalmin da kika saba sawa. Ki ce wa mai shago ya nuna miki sau ɗaya, sannan ki karɓa ki naɗe da kanki, da hannu ɗaya. In sai kin durƙusa kin sa hannu biyu da ƙafa kafin ya naɗe, ki tuna haka za ki yi a gaban na'urar binciken kaya, mutane na jira a bayanki, yaro na jan hijabi. Bayan ya naɗe ki ɗaga shi sama ki ga ko akwai maƙalin da ke riƙe shi, ko zai wage a hannunki. Ki ajiye ki ga ko yana tsayawa da kansa. Ki buɗe, ki saurari ƙarar kullewarsa, sannan ki danna hannun da ƙarfi ki girgiza. Mai kyau ba ya lanƙwasa.

Sai birki. Wasu ana taka su a kulle, amma wajen buɗewa sai an ɗaga da saman yatsun ƙafa. Mai rufaffen takalmi ba zai ji komai ba, ke mai silifas za ki ji a jikinki. Ki nemi wanda ake takawa a kulle, a sake takawa a buɗe. Ki tura shi 'yan taku a cikin shagon ki lura ko bakin abayarki yana shiga tayar baya, don wasu tayoyinsu sun matso kusa da ƙafa. Bel ɗin ɗaure yaro ya zama mai bi ta kafaɗu biyu, da ƙugu, da tsakanin ƙafafu. Mai ɗaure ƙugu kaɗai, yaro mai ƙiriniya zai zame ya miƙe tsaye a kan kujera kina waige.

In gwanjo za ki saya, ba laifi, sau da yawa ma gwanjo mai suna ya fi sabo mara asali ƙarko. Amma ki kifa shi ki juya kowace taya da hannu, wadda take rawa ko ta cinye ta gefe ɗaya ki bar shi, don samun tayar canji a nan wuya gare shi. Ki sansana yadin, in yana warin ruma ya daɗe a jiƙe. Ki duba gaɓoɓin da yake naɗewa ko akwai tsagewa a robar. Waɗannan gaɓoɓin kuma ki kiyaye su ko da sabo ne. A 2009 an yi kiranyen kekunan Maclaren kusan miliyan ɗaya a Amurka saboda gaɓar tana datse kan yatsun yara wajen buɗewa. Duk lokacin da za ki buɗe ko ki naɗe, ki matsar da babban gefe tukuna, don shi ne zai ce sai ya taya ki.

Hanyar Gombe ba matsala. Tafiyar kilomita 150 da ɗoriya ce, mai dunƙulewa kuma yana shiga ƙarƙashin ƙafa ko saman kaya. Abin da kawai za ki tsaya a kai shi ne kada masu lodi su sa shi a ƙasa su jibga buhuna a kansa, ƙarfen ba ya jure danniya, in ya ɗan karkace ya daina naɗewa daidai. Ki ba tela ya ɗinka miki jaka da yadi mai kauri da igiyar rataya, ki rubuta suna da lambar waya a jiki. Ita za ta tsare shi daga ƙura a mota da kuma jifa a filin jirgi.

A jirgi, yawancin kamfanoni suna ɗaukar keken yaro kyauta. Ki faɗa musu tun a wajen auna kaya cewa kina so ki riƙe shi har bakin jirgi, za su ɗaura masa takarda, ki miƙa shi a gindin matakala. Sai dai ba kullum ake dawo da shi a bakin jirgi ba, wani lokaci sai ya fito tare da akwatuna, shi ya sa zanin goyo bai kamata ya shiga akwati ba, ya zauna a jakar hannu. Amfanin mai dunƙulewa ke nan: in bai wuce girman jakar hannu ba, wadda a yawancin kamfanoni take wajen santimita 55 da 40 da 20, ana iya barinki ki shiga da shi ciki. Ki tambayi kamfanin da za ku bi tun kafin ranar, kowanne da dokarsa.

A Makka za ki gode wa Allah da shi tsakanin masauki da Harami, musamman in masaukin da nisa. Amma ki sani tun farkon 2024 hukumar da ke kula da Masallatan biyu ta hana shiga da keken yara filin ɗawafi na ƙasa. Ana barinsa a benayen sama, da wajen sa'ayi in babu cunkoso. Ɗawafin sama ya fi tsawo, sa'ayi kuma kai-kawonsa bakwai ya kai wajen kilomita uku, don haka ku tsara da Abbansu tun daga masauki wa zai riƙe wa. Kada ki hau matakala mai tafiya da kanta da yaro a cikin keke, ki nemi lif ko da za ki yi jira.

Abu biyu suna damuna in na gansu. Na farko rataya jaka mai nauyi a hannun keke. Waɗannan marasa nauyin da zarar yaro ya ɗan jingina baya ko an ɗaga shi, sai keken ya kife ta baya. Kayan nauyi a kwandon ƙasa ake sa su, shi ma ba ya ɗaukar abin da ya wuce 'yan kilo kaɗan. Na biyu lulluɓe keke da mayafi ko tawul wai don rana. Iska ba ta shiga, zafi yana taruwa a ciki, ke kuma ba kya ganin fuskar yaron. Mu da muke ganin zafin Maris da Afrilu yana haura digiri 40, balle na Saudiyya, wannan ba abin wasa ba ne. Ki zaɓi mai faɗin rumfa da raga a baya ko a gefe, ki haɗa da ɗan gidan sauronsa don yamma, ki riƙa taɓa ƙarfen bel ɗin kafin ki ɗaure yaro in keken ya sha rana.

In kun dawo, musamman lokacin hunturu, ki goge ƙurar da ta shiga gindin tayoyi, ki zare gashi da zaren da suka naɗe a wurin, shi ke sa taya ta cije.

In kin shiga kasuwa kin ga wanda ya kwanta miki, ki ɗauko hotonsa a buɗe da a naɗe, da hoton 'yar takardar nan ta jikinsa, ki turo nan kafin ki biya, sai mu duba tare. Allah ya raya mana su, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, a sa mu a addu'a.