Amsa kan teburin tatsar akuya

Malam, ka tambaya ko ka sa kafinta ya haɗa maka teburin tatsa da katako ko ka kai wa mai walda, tunda awakinka uku ne, jajaye irin na Maraɗi. Ni dai katako zan ce maka. Ƙarfe ya fi ƙarko, amma yana zafi in ya sha rana, kofato kuma na zamewa a kansa. Matsalar katako gara ce, sai ka ɗora ƙafafun a kan bulo.

Tsayinsa daga ƙasa kada ya wuce santimita 40 zuwa 45, yadda akuya za ta hau da kanta, kai kuma ka zauna a kujera 'yar tsugunno hantsar na daidai hannunka. Tsawo mita 1 ya isa, faɗi rabin mita. In ya fi haka faɗi, za ta riƙa matsawa can gefe kana miƙa hannu.

Wurin maƙale wuya shi ne aikin. Katako biyu a tsaye, ɗaya kafaffe, ɗaya mai motsi da sakata a sama. Jar akuya tana da ƙaho, don haka ya buɗe sosai kai ya shige, in an rufe kuma yatsunka biyu su iya shiga tsakanin katakon da wuyanta. Auna wuyan kafin a yanka katako, kafintoci da yawa da ido suke yi.

Ɗaura kwanon dusa a gaba, ka shimfiɗa tsohuwar roba a daɓen. Kwanakin farko a ba ta dusa a kai kawai, ba tatsa, har ta saba.