Tambaya da amsa: Faswod ɗina mai ƙarfi ne, to me zai sa in damu da matsalar memori a sabar datbes?

Tambaya: Salam malam. Ni ke kula da sabar wata makarantar kuɗi, SQL Server, wato manhajar datbes (rumbun bayanai) ta Microsoft, muke amfani da shi wajen ajiye sakamakon ɗalibai da lissafin kuɗin makaranta. Na ga sanarwa wai an gano matsalar lalata memori a yi afdet da gaggawa. Ni kuwa faswod ɗina dogo ne, kuma na gyara shafinmu yadda ba za a iya cusa masa umarnin SQL ba. Dole ne sai na yi afdet ɗin? Tsorona kar ya ɓata min abu ana tsakiyar zango.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Eh, dole ne. Abubuwa biyun da ka yi suna da kyau wallahi, amma wannan ciwon daban ne kuma ba su ne maganinsa ba.

Ga yadda abin yake. Yawancin manyan datbes, SQL Server da MySQL da PostgreSQL da Oracle da Redis, da yaren C ko C++ aka rubuta su, kuma a waɗannan yarukan mai rubuta kod ne da kansa yake ware wuri a memori ya kuma tabbatar abin da za a zuba bai fi wurin ba, yaren ba zai duba masa ba. To idan ya ware wurin harafi ɗari ya manta bai auna saƙon da ya shigo ba, wani ya turo harafi ɗari biyar, ragowar sai ta malala ta hau kan abin da ke maƙwabtaka. Kamar a juye kwanon gero a ƙaramin kofi ne, abin da ya zube sai ya cika wurin wani. Matsalar ita ce a kusa da wurin nan akwai adireshin da manhajar za ta koma idan ta gama aikin da take yi, mai kutse kuma yana tsara saƙonsa ne daidai yadda ragowar za ta goge wannan adireshin ta sa nasa. Shi ke nan, sabar ta koma gudanar da umarninsa da duk ikon da take da shi. Idan bai ƙware ba sabar faɗuwa kawai za ta yi, wanda shi ma ai asara ce ranar fitar da sakamako.

Batun faswod kuma, wasu daga cikin kurakuran nan suna cikin ɓangaren da ke karɓar saƙo tun kafin a tambayi mutum waye shi. Misali mafi shahara shi ne tsutsar Slammer (muguwar manhaja mai yaɗa kanta daga kwamfuta zuwa kwamfuta) ta ranar 25 ga Janairu 2003, kuma SQL Server 2000 ta kama. Girmanta bayit 376 kacal, saƙo ɗaya take jefawa ƙofa mai lamba 1434 (ɗaya daga cikin mashigan da sabar ke karɓar saƙo ta cikinsu), ba faswod ba komai, kuma cikin kamar minti 10 ta kama wajen kwamfuta 75,000. Intanet ya durƙushe a Koriya ta Kudu, dubban na'urorin ATM na Bank of America suka daina aiki. Ko fayil ba ta ajiyewa a diski, a memori kawai take zaune, idan ka kashe ka kunna ta tafi, amma muddin ƙofar na buɗe sai wata ta sake shigowa. Abin takaicin shi ne wani masanin tsaron kwamfuta, David Litchfield, ya riga ya gano ramin, Microsoft kuma ta fitar da gyara tun Yuli 2002, wata shida kafin nan, mutane ne kawai ba su saka ba. Wasu ma ba su san suna da SQL Server ba, don akwai ƙaramin nau'insa MSDE da ke zuwa a ɓoye cikin wasu manhajoji.

Kar ka ce ai wannan tsohon zance ne. Gaskiya yanzu akwai kariya, tsarin kwamfuta yana jujjuya wuraren memori don kar a san inda abu yake, yana kuma hana gudanar da kod a wurin ajiye bayanai, shi ya sa kutsen ya ƙara wuya. Amma a 2019 Microsoft da kanta ta ce kusan kashi 70 cikin 100 na ramukan tsaron da take toshewa duk shekara na memori ne. A Oktoba 2025 aka bayyana wani a Redis, inda manhajar ke ci gaba da amfani da wurin da ta riga ta saki, kuma kuskuren ya yi wajen shekara 13 a cikin kod ɗin kafin a gan shi.

Abin da zan ce ka fara yi yau, tun kafin afdet, ka duba ko ana iya kaiwa ga ƙofa 1433 da 1434 daga intanet. Idan ana iya, ka rufe a fayawol (shingen da ke tace abin da ke shiga sabar), sabar shafinku kaɗai ya kamata ta yi magana da datbes. Ni a ganina wannan ya fi kowane antibayiros da za a tallata maka amfani. Sannan kar SQL Server ɗin ya riƙa gudu da asusun admin, ka ba shi ƙaramin asusu, ko an shiga ɓarnar ta tsaya kusa.

Tsoronka na afdet kuwa yana kan hanya, yakan ɓata abu wani lokacin. Ka ɗauki bakof, wato kwafin bayananku, ka mayar da shi a wata kwamfuta ka tabbatar yana buɗewa, ka gwada afdet ɗin a can tukuna, sai ka yi na gaske daren Juma'a ko Asabar da ba kowa a kai. Ka kuma duba wane nau'i kake da shi, in SQL Server 2012 ne ko 2014, Microsoft ta daina ba su gyaran tsaro na kyauta, sai dai ka zauna da mai makarantar ku yi maganar kuɗin komawa sabo.