Yini ɗaya a gidan tarihin Victoria da Albert (V&A): ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan yi kwana uku a Landan, kuma ina son kayan saƙa da sassaƙa. An ce in je gidan tarihi na Victoria da Albert. Awa nawa zan ware, kuma me bai kamata ya wuce ni ba? Daga wata mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki ware awa uku zuwa huɗu, kuma ki cire rai da ganin komai. Ɗakunan sun haura 140, mai son zagaye su duka ƙafa ce ke gaza masa tun rana ba ta yi tsaka ba.

Ki hau jirgin ƙarƙashin ƙasa zuwa tashar South Kensington, akwai hanya ta ƙasa da za ta kai ki har ƙofa. Ana buɗewa ƙarfe 10 na safe, a rufe 5:45 na yamma. Shiga kyauta ce, sai nune-nune na musamman da ake yankar musu tikiti, kuma gara a saya ta intanet tun da wuri.

Ki fara da ɗaki na 42, zauren Jameel na fasahar Musulunci. A tsakiyarsa aka shimfiɗa dardumar Ardabil cikin gilashi, wadda aka saƙa a Iran a shekarar 946 Hijira, wato 1539 zuwa 1540. Tsawonta ya kai mita 10 da rabi. Nan ne mutane da yawa ke asara: su tarar da ita cikin duhu, su wuce. Haske na kashe rini, shi ya sa ake kunna mata fitila minti goma kacal, duk cikar awa da rabin awa. Ki duba agogo ki jira. Idan an kunna, ki lura da fitilu biyu da aka saƙa suna rataye gefen tsakiya, ɗaya ta fi ɗaya girma. Kusa da ita akwai mumbarin Sarki Ƙaitbay na Masar, katako ne da aka yi wa ado da hauren giwa.

Ɗakin da ke maƙwabtaka da shi akwai damisar katako ta Tipu Sultan, wani sarki na kudancin Indiya, ta danne sojan Turawa, da abin kiɗa a cikinta.

Ran Juma'a ana kaiwa ƙarfe 10 na dare, amma wasu ɗakunan kan rufe da yamma, don haka in ranar kika je, ki fara da na sama, inda tangaran suke.