Injin jirgina yau ya tashi, gobe ya ƙi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da tsohon injin jirgin ruwa mai ƙarfin doki 15, irin wanda ake gauraya masa fetur da baƙin mai, ana tayar da shi da igiya. Wata rana ja ɗaya ya tashi, wata rana har kafaɗata ta ƙage bai ko yi tari ba. Na canza fulogi sau biyu. Abin haushi, duk ranar da na kira bakanike sai ya tashi lafiya lau. Ina matsalar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka ga laifin bakanike. Ciwon da ke zuwa yana tafiya, sai lokacin da ya motsa ake gane shi, kuma a lokacin kai kaɗai ne a wurin. Don haka ka riƙa ajiye sifanar fulogi a cikin jirgi.

Ranar da ya ƙi, ka ja sau biyar ko shida ka tsaya. Kwance fulogi ka dubi bakinsa.

In ka same shi a bushe ƙayau, fetur ne ba ya isowa. Fara da murfin tanki: akwai ɗan sukurun shan iska a kansa, in yana rufe, fetur ba zai fita da kyau ba. Mutane da yawa sun wargaza kafireta a banza saboda wannan ɗan abu. Sai ka matsa robar famfon da ke jikin tiyo har ta yi tauri. In ta ƙi, iska na shiga ta wani wuri, galibi inda tsohon tiyo ya tsattsage kusa da mahaɗa. Lanƙwasa shi za ka ga tsagar ta buɗe baki. Sannan ka tsiyaye fetur ɗin ƙasan kafireta a cikin kwalba mai haske; in da ruwa, zai kwanta a ƙasa daban.

In kuwa fulogin a jiƙe yake yana warin fetur, ko mai ya yi yawa ko babu wuta. Jan cok alhali inji na da zafi yakan jawo haka: mayar da cok, buɗe totur, ka ja. Bai tashi ba? Sa fulogin a hularsa, jingina ƙarfensa da jikin inji nesa da ramin fulogin, ka ja igiya ba tare da ka riƙe shi da hannu ba. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi ake nema.

Nan ne na fi zargi a injinka. Maɓallin kashe inji, wanda ake maƙala wa igiyar tsaro, yana shan ruwa ya yi tsatsa a ciki, sai ya riƙa yanke wuta yadda ya ga dama. Cire wayarsa ka sake gwadawa. In tartsatsi ya dawo, ka kama ɓarawon. Ka dai tuna, muddin wayar tana a cire, maɓallin ba zai kashe inji ba, sai dai ka ja cok. Duba kuma wayar da aka ɗaure a jikin inji, ka kankare koren dattin da ke bakinta.

Abu ɗaya ba ka faɗa mini ba: da sanyi yake ƙi ko bayan ya yi aiki? In yana tashi da safe, ya ƙi bayan doguwar tafiya, ya kuma tashi in ya huce kamar minti 30, to kwayil ne ko akwatin CDI, masu aika wa fulogi wuta, ke gazawa da zafi. Wannan kam sai bakanike, amma ka kai masa injin da zafinsa, kuma a cikin ruwa za a gwada, don tayar da shi a tudu na ƙona robar famfon ruwan da ke sanyaya inji nan da nan.